Rama da Ƙiba a Jikin Manya Masu Galahanga: Abin da Karkarar Arewacin Kano Ba Ta Aunawa

Duk lokacin da aka tayar da zancen galahanga a gidajen rediyon Kano, musamman idan ranar 2 ga Afrilu ta zagayo, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2007 domin wayar da kai a kanta, yara ne kaɗai ake ambata, kamar dai yaron da aka haifa da ita ba ya girma ya fitar da gemu, ya kai shekara arba'in a gidan ubansa. Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, yanayi ne na ginuwar ƙwaƙwalwa da ake haihuwar mutum da shi kuma yake tsufa da shi, wanda ke sa cuɗanya da jama'a da gane nufinsu su yi masa wuya, ya riƙe al'ada guda ba ya son a sauya masa ita, sannan ƙara da haske da wari da taɓi su dame shi fiye da kima, ko kuma ya kasa jin su yadda sauran mutane ke ji. Wasu masu ita ba sa magana ko kaɗan kuma suna da raunin fahimta, wasu kuwa sun sauke Alƙur'ani ko sun gama jami'a, abin da ya sa tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya tattara su duka a ƙarƙashin suna guda mai hawa-hawa.

Ƙiyasin duniya na 2021 ya ce mutum 1 cikin kowane 127 yana da galahanga, wato kimanin mutum miliyan 61.8, kuma idan aka ɗora wannan ma'auni a kan Jihar Kano, wadda ake ƙiyasta al'ummarta da fiye da miliyan 15, lissafin zai haura dubu ɗari. Ba sabon abu ba ne a nahiyar nan, domin tun 1978 Victor Lotter ya wallafa bincikensa a ƙasashen Afirka shida, ciki har da Najeriya, inda ya samu yara masu alamun da Leo Kanner ya bayyana a Amurka a 1943, kuma likitocin ƙasar nan irin su Muideen Bakare na asibitin ƙwaƙwalwa na Enugu sun nuna cewa akasarin waɗanda ake kaiwa asibiti a makare ake kai su. A ƙauyukan Bichi da Tsanyawa da Kunchi da Makoɗa da Dambatta, magidancin da ke da irin wannan ɗa ko ƙane ba ya kiransa da sunan likita. Dolo ne, ko gaɓo, ko mai iska, ko kuma, a bakin masu tausayi, bawan Allah. Idan ya tsamure sai a ce haka Allah ya yi shi, idan kuma ya yi kumatu bayan an fara ba shi magani sai a yi hamdala a ce ya murmure. Duka fassarorin biyu kuskure ne mai tsada, domin ga mutumin da ba ya iya faɗin inda ke yi masa ciwo, hawa da saukar nauyin jikinsa na daga cikin shaidu ƙalilan da iyalinsa da likita za su iya karantawa game da abin da ke cikin ransa.

Ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi wajen rarrabe rama da ƙiba mai sauƙi ne: ana raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. Abin da ya gaza 18.5 rama ce, daga 25 an shiga ƙiba, daga 30 kuma ƙibar ta zama cuta. Namiji mai tsawon mita 1.7 ya rame idan ya yi ƙasa da kilo 53 da rabi, ya yi ƙiba idan ya wuce 72, ya shiga haɗari idan ya kai 87.

Manyan alƙaluman da ake kafa hujja da su a wannan fage daga ƙasashen masu yalwa suka fito. A 2015 Lisa Croen da abokan aikinta sun duba bayanan asibiti na manya 1,507 masu galahanga a arewacin Kalifoniya, suka kwatanta su da mutum 15,070 marasa ita, suka tarar da ciwon damuwa, wato baƙin cikin da ke daɗewa har ya hana mutum barci da aiki da jin daɗin komai, a jikin kashi 26 cikin 100 na masu galahanga, alhali a sauran kashi 10 ne; fargaba mai tsanani kashi 29 ce a kan 9, ƙiba mai cutarwa kuma kashi 34 a kan 27, tare da ƙarin ciwon suga da hawan jini. Shekara guda bayan haka Tatja Hirvikoski ta fitar da bincike a kan mutum 27,122 a Suwidin, wanda ya nuna cewa waɗanda suka rasu a cikinsu sun rasu ne a matsakaicin shekara 54, a ƙasar da sauran jama'a suka kai 70, kuma farfaɗiya da kashe kai na cikin abubuwan da suka fi ɗauke su. Wani binciken da Felicity Sedgewick da Kate Tchanturia suka yi a Ingila ya ƙara da cewa manya masu galahanga sun fi sauran mutane faɗawa gefe biyun duka, rama da ƙiba, su bar tsakiya. Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi amfani ga mai karatu a Kano, domin wanda ya kwaso darasin Kalifoniya ɗungurungum ya kawo shi Shanono zai tsaya yana wa'azi a kan rage teɓa a gidan da rumbu ya ƙare tun kafin marka.

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin yankunan noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, kuma Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya nuna tun shekarun 1960 cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasarta ana nomawa kowace damina ba hutu, da taimakon takin da jakuna ke kaiwa gona a mangala. Gonakin sun ƙara tsagewa da rabon gado tun daga wancan lokaci, har ya zama gero da dawar da gida ya girbe da kaka ba kasafai suke kaiwa wata kakar ba, kuma watannin da hatsi ke ƙaranci su ne dai watannin noma da maimai, lokacin da jiki ya fi bukatar abinci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Kano 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, sannan bayan cire tallafin man fetur a 2023 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A irin wannan gida tukunya ɗaya ake ɗorawa, maza su haɗu a kan kwano guda a zaure, mai saurin hannu ya ƙoshi, mai jinkiri ya tashi da saura.

A nan ne halayen galahanga ke zama yunwa. Da yawa daga masu ita ba sa iya jure yauƙin miyar kuɓewa ko karkashi a baki, ko warin daddawa, ko tsamin koko da fura, kuma abin ya wuce tsirfa ko iyayi, domin jijiyoyinsu ne ke kai saƙon wari da laushi ga ƙwaƙwalwa da ƙarfin da zai iya sa su amai. Likitoci sun ba wannan ƙin abinci suna nasa na kansa a 2013, suka raba shi da cutar nan ta ƙin ci don tsoron ƙiba, wadda ita ma bincike a Turai ya nuna mata masu galahanga suna da yawa a cikin masu fama da ita. Wasu ba sa iya ci a cikin hayaniya ko a kwanon da wani hannu ya shiga, wasu kuma ba sa jin yunwa da ƙoshi a kan kari, domin ji na cikin jiki, wanda ke sanar da mutum cewa cikinsa ya zama wayam ko mararsa ta cika, shi ma yakan zo musu a raunane. Hali ɗaya ne, amma sakamakonsa ya danganta da abin da ke cikin gida: mai zaɓen abinci a Amurka yakan koma kan soyayyen dankali da lemon kwalba ya yi ƙiba, ɗan'uwansa na Kunchi kuwa yakan koma kan gayan tuwo, ko shayi da burodi ranar da aka samu kuɗi, ko ya kwana haka nan ba wanda ya lura, tunda bai roƙa ba. Wanda ya shekara a kan gayan tuwo yana tare da ƙarancin jini da kasala, wani lokaci har da dundumi, wato kasa gani da daddare saboda rashin sinadarin da ke cikin ganye da manja da ƙwai.

Yunwa kuma tana taɓa hankali kai tsaye, ko da a jikin wanda ba shi da wata lalura. Tsakanin 1944 da 1945 Ancel Keys ya rage wa samari 36 masu ƙoshin lafiya abinci na tsawon wata shida a Jami'ar Minnesota, da amincewarsu, har suka zubar da kusan kwata na nauyinsu, kuma abin da ya biyo baya shi ne baƙin ciki da saurin fushi da ƙin shiga mutane da rashin natsuwa. Idan wannan ya sami mutumin da ba ya iya cewa yunwa yake ji, abin da iyali za su gani shi ne ihu da cizon hannu da buga kai a bango, sai a yanke hukuncin cewa iskokinsa sun tashi, a nemi mai ruƙiyya ko mai hayaƙi. Hanyar tana bi ta ɗaya gefen ma, domin ciwon damuwa kan fara bayyana da barin abinci, musamman bayan rasuwar uwa, wadda a mafi yawan gidaje ita kaɗai ta san cewa sai a keɓe masa nasa kwanon, a zuba miya a gefe, a bar shi ya ci shi kaɗai a bayan ɗaki. Ranar da ta kwanta dama wannan ilimi yakan bi ta kabari, matar wa ko kishiyar uwa ta gaji ɗawainiyar ba tare da bayaninta ba. Haka nan ciwon haƙori da basir da tsutsar ciki da tarin fuka duk suna ramar da mutum, amma da zarar an san shi da lalurar ƙwaƙwalwa sai a jingina mata kowane sabon ciwo, a daina neman wani dalili. Masana sun daɗe suna gargaɗin likitoci kansu a kan wannan makanta.

Iyakar wannan hanya ita ce kulle da mari. A watan Agustan 2020 'yan sanda a Kano sun fito da wani matashi daga garejin gidan iyayensa a Farawa bayan shekaru a kulle, ƙashi da fata, ba ya iya tsayuwa, sannan a cikin watan suka kwance wani dattijo a Rogo wanda ya shafe kimanin shekara 30 a ɗaure. An danganta na farko da zargin shaye-shaye, na biyu da taɓin hankali, kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta riga ta bayar da rahoto a 2019 cewa ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa ruwan dare ne a Najeriya, a gidaje da wuraren masu magani da gidajen mari. Ramar da aka gani a waɗannan hotuna ta ɗauki shekaru tana taruwa a bayan katanga, maƙwabta da mai unguwa suna wucewa.

Gefen ƙiba ya fi yaudara, domin yana zuwa ne da kamannin samun sauƙi. Iyalan da suka daure suka bi hanyar Katsina zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, wanda gwamnatin tarayya ta karɓa daga hannun jiha, ko suka shiga birni zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sun yi abin da ya dace, kuma sau da yawa maganin da ake rubutawa yana kawo barci da kwanciyar hankali a gidan da ya daɗe bai ga ko ɗaya ba. Sai dai babu ƙwayar da ke warkar da galahanga ita kanta. Risperidone, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2006, da aripiprazole da ya biyo baya a 2009, an amince da su ne domin rage fushi da cutar da kai a yara masu galahanga, kuma risperidone da ɗan'uwansa olanzapine da tsohon chlorpromazine duk suna buɗe ciki, su kashe jiki, su sauya yadda jiki ke sarrafa suga da kitse. Sodium valproate da ake bayarwa domin farfaɗiya, wadda ke kama kusan mutum 1 cikin 5 na masu galahanga da ke da raunin fahimta, shi ma yana ƙara nauyi. Tun 2004 ƙungiyoyin likitocin suga da na ƙwaƙwalwa a Amurka suka yi ittifaƙi cewa a auna mai shan irin waɗannan magunguna kafin ya fara, a sake a mako na 4 da na 8 da na 12, sannan duk bayan wata uku, kuma idan ya ƙara kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a duba yiwuwar sauya magani. Ga mai kilo 60, kilo uku ke nan kacal, ƙarin da idon uwa zai karanta a matsayin albarka.

Matsalar ba ta cika tasowa a ranar farko ba, a watannin da ke biyo baya take tasowa. Kuɗin mota daga Tsanyawa ko Makoɗa zuwa Dawanau da dawowa, na mutum biyu ko uku, ya ishi gida cefanen kwanaki, likitocin ƙwaƙwalwa kuma ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, saboda haka sai a riƙe tsohon kwalin magani a riƙa nuna wa mai kemis yana maimaitawa, a saya da kaka, a tsallake da bazara, shekara da shekaru babu awon nauyi, babu na suga, babu na hawan jini. Mutumin yana kwance a zaure yini guda, ya daina bin awaki, ya daina zuwa masallaci, ƙishirwa da yawan fitsari sun fara, amma tunda ya daina ihu sai a ce Alhamdulillahi. Shirun da magani ya kawo yana iya zama lulluɓi a kan baƙin cikin da ba a taɓa bincikawa ba. Ingila ma, da duk likitocinta, ta gano a 2015 cewa tsakanin manya 30,000 zuwa 35,000 masu raunin fahimta suna shan magungunan ƙwaƙwalwa ba tare da cutar da ta wajabta su ba, har ta buɗe shiri na musamman a 2016 domin rage wannan ɗabi'a. Abin takaici ne a ce a Dawanau ɗin nan, inda a kasuwarta ba a ɗora buhun riɗi ko zoɓo a mota sai ya hau sikeli, ɗan'adam zai shekara biyar a kan ƙwaya mai sauya jiki ba a san kilonsa ba.

Halin mata ya fi ɓuya. Budurwar da ke da galahanga marar tsanani takan wuce a matsayin mai kunya ko miskila, idan aure ya matso kuma aka ga ta cika rama sai a nemo mata sha-ka-fashe, ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kemis da kasuwa, waɗanda sau da yawa suke ɗauke da dexamethasone, maganin da ke kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya kuma hargitsa barci da yanayin rai. A gidan miji girki da surutun kishiyoyi da goyo suna jiranta, ita ce ta ƙarshe a ci, kuma idan ta zube sai a ce rashin kwanciyar hankalin aure ne. Wadda ke shan valproate kuma tana bukatar a gaya wa iyayenta da mijinta ƙarara cewa maganin yana iya nakasa ɗan tayi, a koma wurin likita kafin ciki ya shiga, ba a daina shi da ka ba.

Ana iya cewa gidan da ke fama da abin sawa a baki ba shi da sukunin dafa tukunya biyu, kuma wannan magana tana da nauyi. Amma abin da ake bukata sau da yawa bai kai tukunya ta biyu ba: a raba tuwo da miya, a ɗebi nasa kafin a zuba daddawa, a daka ƙuli-ƙuli ko garin wake ko busasshen zogale a cikin abin da ya riga ya saba da shi, a tsayar masa da lokacin ci guda da wuri guda. Wannan karkara ma tana da abin da biranen Turai ke kashe kuɗi suna ƙirƙira wa masu galahanga, wato aiki mai maimaituwa a sarari, nesa da hayaniya, kamar kiwo da yankan ciyawa da ban-ruwa a fadamun Watari da Tomas da ɓarar gyaɗa, aikin da ke motsa jiki, ya kawo yunwa da barci a kan lokaci, ya kuma ba mutum matsayi a gandu ta yadda ba za a ga rabonsa na tuwo kamar sadaka ba. Watsewar gandu da tafiyar samari ci-rani suna rushe wannan mafaka a hankali. Ta fuskar shari'a kuwa ba a bar zancen ga tausayi kaɗai ba, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman Kano, ta nuna cewa ciyar da ɗa namiji yana sauka daga wuyan uba ne idan ɗan ya balaga ba shi da nakasar da ke hana shi nema, wanda ke nufin mai irin wannan lalura yana nan a wuyan mahaifinsa ko da ya yi furfura. Limamin Juma'a da ya faɗi wannan a kan mumbari zai kai inda takardar likita ba ta kaiwa.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu aka bayyana a Janairun 2023 a madadin dokar mahaukata ta 1958, ta ba masu lalurar ƙwaƙwalwa haƙƙin kulawa da kariya daga wulaƙanci, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoran da ke koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan lalurori da bibiyar masu shan magani. Kayan aikin ma suna nan, domin asibitocin sha-ka-tafi na mazaɓu 484 na jihar sun saba auna masu juna biyu da zagaya damtsen yara domin gano tamowa. Tef ɗin tela ya isa a auna damtsen babba, kuma abin da ya gaza santimita 23 da rabi alama ce ta rama da ke bukatar bincike. Abin da ya rage shi ne Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Kano ta umarci kowane asibitin mazaɓa ya buɗe kati ga duk babban da ke shan maganin ƙwaƙwalwa ko na farfaɗiya, a rubuta nauyinsa da hawan jininsa duk wata uku kyauta, a tura shi Bichi ko Dambatta ko Dawanau idan ya ƙaru ko ya ragu da kashi 5 cikin 100, sannan dagatai da masu unguwanni, waɗanda suka san kowane gida tun zamanin rigakafin shan-inna, su tabbatar an fito da waɗanda ke bayan ɗaki an kawo su awon.